Yadda ake sayen kaya a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a Birtaniya

Wanda ya sauka Birtaniya a watan Satumba, ko karatu ya kai shi, ko aikin jinya, ko kula da tsofaffi, abu biyu ne ke fara yi masa maraba: sanyi da ɗaki fayau. Rigar sanyin da ya ɗauko daga gida ta hunturun Kano ce, ba ta kaiwa Nuwamba. Ɗakin da ya kama kuwa wani lokaci ko cokali babu. Ga shi kuɗin hannunsa da naira aka haɗa su, duk fam ɗaya da zai fita sai ya lissafa sau biyu. A nan ne 'yan'uwan da suka riga shi zuwa za su ce masa, "Malam, ka leƙa charity shop mana."

Shaguna ne na ƙungiyoyin agaji. Jama'a na kai musu kayan da suka daina amfani da su kyauta, su kuma su sayar, ribar ta shiga aikin ƙungiyar. Yawansu ya kai kimanin 10,000 a faɗin ƙasar, da wuya ka bi titin kasuwar wani gari ba ka ga uku ko huɗu kusa da juna ba. Oxfam, wadda aka kafa a garin Oxford a 1942, ita ta yi suna da wannan tsari. Shagonta na farko na dindindin yana lamba 17 a titin Broad Street tun ƙarshen shekarun 1940.

Abin da ya kamata ka riƙe tun kafin ka taka bakin ƙofa shi ne, ba don kai aka buɗe shagon ba. An buɗe shi ne don a tara wa ƙungiya kuɗi, ko na binciken ciwon zuciya, ko na ciwon daji, ko na kula da majinyatan da cutarsu ba ta warkewa. Mai sa farashi aikinsa ne ya samo iyakar abin da kayan za su iya kawowa. Idan ka samu araha, dace ka yi ko kuma ka iya nema. Duk ƙwarewar da ka koya a wajen 'yan gwanjon Ƙofar Wambai tana aiki a nan, ban da guda ɗaya, wato tayi. Ido da yatsu ne ke ciniki, baki ba shi da aiki.

Mataki na farko: ka san wane shago ka shiga

Ba iri ɗaya ba ne. Akwai na manyan ƙungiyoyi masu rassa ko'ina: British Heart Foundation, Cancer Research UK, Oxfam, Barnardo's, Age UK, Sue Ryder, British Red Cross, Salvation Army. Waɗannan suna da tsari, kaya a jere bisa launi ko lamba, farashi kuma yakan bi jagorar da hedikwata ta aiko wa manajoji. Akwai kuma ƙananan shaguna na gidan kula da majinyata na yankin, ko na wata ƙungiyar ceton karnuka da kyanwoyi. Su ne sau da yawa suka fi hargitsi, kuma a cikin hargitsin nan araha ke ɓuya, domin mai sa farashin ba lallai ta tsaya duba intanet kan kowace riga ba.

Wasu rassan kaya iri ɗaya kawai suke sayarwa. Oxfam na da shagunan littattafai zalla. British Heart Foundation na da manyan shagunan kayan ɗaki da na lantarki daban da na tufafi, haka ma Emmaus ta yi suna wajen kujeru da gadaje. Save the Children na da wasu shagunan 'yan gayu masu suna Mary's Living & Giving, inda ake tace kayan masu tsada; idan kwat ɗin zuwa aiki kake nema da fam goma, ba can za ka nufa ba. Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham a 1984, ita ma tana da shaguna a wasu garuruwa, kuma uwargida mai neman abaya ko doguwar riga ko mayafi ta fi samun su a irin waɗannan, ko a kowane shagon da ke unguwar da Musulmi suka yi yawa.

Ba kowane mai sayar da tsofaffin kaya ne na agaji ba. Shagon da ya rubuta vintage a gabansa kasuwanci ne na kansa, kuma yakan ninka farashi. Na agaji na gaskiya yana da lambar rajista a jikin allo ko rasit, za ka iya duba ta a shafin hukumar Charity Commission idan a Ingila ko Wales kake, ko OSCR idan a Scotland ne.

Mataki na biyu: ka gane yadda farashi ke zuwa

Mutanenmu kan ce, "Ba kyauta aka ba su ba? Me ya sa za su sa fam takwas?" Kayan kyauta ne, amma shagon ba kyauta ba ne. Akwai haya, wuta, motar ɗaukar kaya, da albashin manaja da mataimakinsa, ko da yake yawancin waɗanda ke tsaye a kanta 'yan sa-kai ne. Akwai kuma kuɗin zubar da tarkacen da mutane ke kawowa da sunan kyauta. Gwamnati na rage musu nauyi: a Ingila ana yafe wa irin waɗannan shaguna kashi 80 cikin 100 na harajin wurin kasuwanci muddin yawancin abin da suke sayarwa kayan kyauta ne, ƙaramar hukuma na iya yafe sauran, kuma ba a ɗora harajin VAT a kan kayan da aka bayar kyauta. Duk da haka manaja na da adadin cinikin da ake son ya kawo a mako.

Abin da aka fi gani a garuruwan da ba tsakiyar Landan ba shi ne riga ko siket daga fam 3 zuwa 7, wandon jins kusan haka, kwat na sanyi daga fam 10 zuwa 30 gwargwadon sunan kamfani, kayan yara fam 1 zuwa 3, littafi fam 1 zuwa 3, kofi ko faranti daga rabin fam zuwa fam 2. Ka ɗauki wannan a matsayin ma'auni kawai, unguwa da shekara na sauya shi.

Sunan kamfanin da ke wuyan riga shi ne babban abin da mai sa farashi ke dubawa, kuma a nan tarko yake. Rigar Primark ko Shein da sabuwarta ba ta wuce 'yan fam kaɗan ba, za ka iya ganinta a rataye da farashin da ya kusa na sabuwar. Wannan ba araha ba ce. Riba tana cikin kayan da asalinsu masu tsada ne: kwat na ulu, takalmin fata, rigunan ofis na Marks & Spencer ko Next, tukunyar ƙarfe mai nauyi, tebur na katako na gaske. Kwat ɗin da sabonsa ya haura fam ɗari ka same shi a fam ashirin, ka ci riba ko da ashirin ɗin ta yi maka nauyi a ranar. Don haka kada ka ji kunyar ciro waya ka duba nawa ake sayar da sabon abin. Su ma masu shagon haka suke yi. Abin da suka ga zai yi kuɗi sosai ma ba ya isa kan rataya, shagon intanet na ƙungiyar ko eBay yake tafiya.

Kaya ba sa daɗewa a rataye. Ka duba takardar farashin, sau da yawa za ka ga wata lamba ko launi ko kwanan wata da ke nuna makon da aka fito da abin. Bayan mako biyu ko uku ana sauke abin da bai shiga ba, a rage masa kuɗi, ko a tura shi wani reshe, ko a kai shi layin "komai fam ɗaya". Wasu ƙungiyoyin suna da rassa na musamman na karyar da kaya, inda ragowar sauran rassan ke taruwa. Idan ka gano ɗaya a garinku, can za ka fara sayen kayan yara, tunda wata uku ne sun yi musu kaɗan.

Wanda ke Amurka zai tarar da tsari mai kama da wannan a Goodwill, wadda ta faro a Boston a 1902: rassa da yawa na rage kuɗin kayan da ke ɗauke da launin takarda kaza a mako kaza, kuma akwai manyan rumbunansu inda ake auna kaya a sikeli. Savers ko Value Village kuwa kamfani ne na riba, ba ƙungiyar agaji ba.

Mataki na uku: unguwa da lokaci

Kayan shago daga mutanen unguwar suke fitowa. Unguwar masu hali, kaya masu kyau. A Landan ana maganar Chelsea, Kensington, Hampstead da Marylebone. A Manchester, Didsbury da Chorlton. A Birmingham, Harborne. A Edinburgh, Stockbridge da Morningside. A Glasgow, titin Byres Road. Sai dai manajojin wuraren sun san abin da ke hannunsu, farashi ya fi tsauri. Ni dai shawarata, ka je unguwar masu hali don abu guda mai muhimmanci, kwat ko takalmi ko kayan zuwa ganawar neman aiki, sauran tarkacen gida ka saya a unguwar talakawa ko ƙaramin gari na kusa.

Safiyar ranakun aiki ta fi Asabar. Mutane na share gidajensu a ƙarshen mako su kawo kaya, sai a tantance a fito da su a kwanakin da suka biyo baya. Yawancin shagunan na rufewa wajen ƙarfe biyar na yamma, wasu ba sa buɗewa ran Lahadi. A shekara kuma akwai lokuta uku: Janairu, sa'ad da kyaututtukan Kirsimeti da ba a so ke shigowa sababbi da takardarsu, Yuni da Yuli a garuruwan jami'a, sa'ad da ɗalibai ke kwashe ɗakuna su bar tukwane da butar lantarki da fitilar karatu, sai farkon kaka, da ake fito da kayan sanyi. Idan a Satumba ka zo, kada ka jira sanyi ya kama ka, domin duk sababbin ɗalibai kwat ɗin nan suke nema.

Zuwa ɗaya ba ya wadatarwa. Minti goma a kan hanyar dawowa daga aiki, a kai a kai, ya fi yini guda na zagaye.

Mataki na huɗu: shiri kafin fita

Ka rubuta abin da kake buƙata, domin araha na sa mutum ya kwaso abin da ba shi da wurin ajiyewa. Ka riƙe jaka. A Ingila tun Mayun 2021 kowane shago na karɓar aƙalla 10p, wato kashi ɗaya cikin goma na fam, a kan ledar zuba kaya. Ka riƙe tef ɗin awo irin na tela.

Lambar takalmi a nan daban take da wadda muka saba. Mai sa 42 a gida lamba 8 zai nema, mai 43 lamba 9, mace mai sa 38 ko 39 ta nemi 5 ko 6. Rigar ofis ta maza da awon wuya ake rubuta ta, inci 15, 15 da rabi, 16. Wando da awon ƙugu da tsawon ƙafa. Na mata kuwa 8, 10, 12, 14 zuwa sama, amma 12 na wannan kamfani ba 12 na wancan ba ne, kuma tsohuwar riga ta sha wanki ta motse. Ka gwada idan akwai ɗakin gwaji. Idan babu, ka auna rigar da ta yi maka daidai a gida, daga hammata zuwa hammata, ka riƙe awon a waya. Kwat kuma ka gwada shi a kan suwaita, don haka za ka sa shi.

Mataki na biyar: duba kaya

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Fara da taɓawa. Ka bi layin rataya da hannu, yadi mai kyau yana da nauyi da laushin da roba ba ta da shi. Wanda hannunka ya tsaya a kansa, ciro shi ka juya cikinsa, ka nemi ƙaramar takardar da ke ɗinke a gefe. Ita ke faɗin abin da aka saƙa shi da shi. Don sanyi, wool kake nema, wato ulu, ko cashmere, ko rigar da aka cusa wa gashin tsuntsu mai rubutun down. Suwaitar acrylic tana da kauri a ido amma ba ta riƙe ɗumi kamar ulu, kuma da wuri take yin ƙuraje. A ƙasar da ruwa ke sauka ba sallama, kwat mai hana ruwa shiga kuma mai hula ya fi kwat mai kyan gani.

Takardar nan kuma ita ke faɗin yadda ake wanki. Idan ta ce dry clean only, ka ƙara kuɗin gidan wanki a kan farashin kafin ka yanke shawara, don wankin kwat guda na iya kai kuɗin da ka saye shi.

Sai ka ɗaga rigar ta fuskanci haske, kusa da taga idan da hali. Ƙananan huji a jikin ulu aikin asu ne, kuma inda ya ci yana iya barin ƙwai. Duba wuya da bakin hannu da hammata, nan datti da zufa ke zama. Ja zif sama da ƙasa. Ƙirga maɓallai. Zura hannu a aljihu ka ji ko ya ɓarke, ka duba shafin ciki na kwat, ka duba tsakanin ƙafafun wando inda yadi ke siɗewa. Maɓallin da ya faɗi ba matsala ba ne, allura da zare sun isa. Zif ɗin kwat da ya mutu kuwa ka bar shi, tela a Birtaniya ba telan bakin layi ba ne, kuɗin gyaran zai fi na kwat ɗin. Ka kuma sansana. Warin ajiya yana fita da wanki, warin taba da na rima sukan yi taurin kai.

Takalmi ka juya ƙasansa. Idan dunduniya ta cinye ta gefe guda, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi, zai dame ka. Lanƙwasa shi ka ga ko tafin ya fara tsagewa.

Akwai abubuwa biyu da Musulmi zai ƙara dubawa. Ana yin shafin cikin wasu takalma da safar hannu da jakunkuna da fatar alade, kuma ana gane ta da ƙananan ɗigo-ɗigo a rukuni uku-uku a jikin fatar. Sai alharini ga maza: yawancin laktayen masu tsada siliki ne zalla, takardar bayansu za ta nuna. Game da tukwane da faranta kuwa, hadisin Abu Sa'alaba a kan kwanukan Ahlul Kitabi sananne ne, wankewa ake yi a yi amfani da su. Tangaran da gilashi da bakin ƙarfe suna wankuwa tas. Abin da ni ba na ɗauka shi ne cokalin katako da allon yanka nama, sai kaskon suya mai baƙin shafi da ya karce.

Mataki na shida: kujeru, gado da kayan lantarki

Kafin ka je, auna ɗakin, auna ƙofar gida, auna kwanar bene. Gidajen haya da yawa a can ƙofofinsu ƙanana ne, matakala a matse, kuma kujerar da ta ƙi shiga matsalarka ce. Ka tambayi kuɗin kawowa gida tun kafin ka biya, don ba kyauta ba ne, kuma ka tambaya ko za su hau da ita sama ko a bakin ƙofa za su sauke.

Duk kujerar kushin ka ɗaga matashinta ko ka leƙa ƙarƙashi ka nemi takardar kariyar gobara da ke ɗinke a jiki, wadda ke ɗauke da rubutun CARELESSNESS CAUSES FIRE. Dokar 1988 ce ta wajabta ta, kuma shagon agaji ba ya karɓar kushin da ba shi da ita. Kada ka yanke ta bayan ka saya, ko da ta dame ka a ido. Ranar da za ka tashi daga gidan, idan takardar ba ta nan, ba mai karɓar kujerar, sai ka biya ƙaramar hukuma ta kwashe. Ka bi ɗinkin kushin da fitilar waya. Baƙaƙen ɗigo kamar na tawada alamar kuɗin cizo ce, kuma idan ya shiga gidan haya, kai da mai gida za ku daɗe kuna magana.

Gado na mutum ɗaya a can santimita 90 ne a faɗi, 190 a tsawo. Na mutum biyu 135 da 190. Babban da suke kira king 150 da 200. Ƙarfen gado ko katakonsa ka saya gwanjo ba komai. Katifa dai, idan aljihu zai iya, sabuwa ta fi, kuma wasu manyan shagunan agajin suna sayar da sababbi. Ta jariri kuwa babu ja-in-ja, sabuwa. Haka kujerar yaro ta mota da hular kwano: ba ka san ko sun taɓa shiga hatsari ba, shi ya sa yawancin shagunan ba sa ma karɓar su.

Kayan lantarki ba kowane shago ke sayarwa ba, sai mai wanda zai gwada su. Ka nemi 'yar takardar gwaji da aka manna a jikin waya ko filogi, mai kwanan wata. Gwajin na nuna abin ba zai ja mutum ba ne, ba ya nuna zai daɗe, don haka ka tambayi garanti na wata nawa suke bayarwa a kan firij ko injin wanki, su rubuta a rasit. Filogin Birtaniya mai ƙafa uku da ƙarfin wutarta irin na Najeriya ne, abin da ka saya zai yi aiki a gida idan ka koma da shi. Mutumin Nijar zai buƙaci abin haɗi.

Mataki na bakwai: a kanta

Farashin da ke takarda shi ne farashi. Wadda ke kanta wataƙila tsohuwa ce 'yar fansho da ke ba da safiyarta kyauta, ba ta da ikon rage ko kwabo, kuma a al'adar wurin neman ragi a shagon sadaka abin kunya ne. Inda ake iya magana biyu ne. Idan ka ga aibin da mai sa farashi bai gani ba, ka nuna shi cikin ladabi ka tambaya ko manaja na nan. Sai kayan ɗaki, idan kana haɗa gado da tebur da kujera a lokaci guda, ko abin ya daɗe a ajiye. Ka tambaya sau ɗaya. Aka ce a'a, ka yi godiya. Ka kuma tambaya ko suna da ragin ɗalibai ko katin abokan ciniki, wasu na da shi amma ba sa tallata shi.

Ka karɓi rasit, ka tambayi ƙa'idar mayar da kaya, don kowace ƙungiya da tata. Doka ba ta tilasta wa shago ya karɓi abin da ka saya a cikinsa don kawai ka sauya ra'ayi ko ya yi maka kaɗan ba. Wasu na karɓa cikin 'yan kwanaki idan takardar farashi na jiki, wasu canji kawai suke yi. Amma idan abin ya fito da lalacewar da ba a nuna maka ba, misali butar lantarki ta ƙi tafasa ruwa, dokar Consumer Rights Act ta 2015 ta shafi kayan gwanjo ma, kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Aibin da aka rubuta a takarda, ko tsufan da ya dace da farashin, ba ya cikin wannan. Wanda ya saya ta shagonsu na intanet kuma yana da kwana 14 daga isowar kaya ya fasa.

Kuɗin da ka biya ciniki ne, ka ba da kuɗi ka karɓi kaya. Kada a lissafa shi a zakka.

Da ka isa gida

Galibin shagunan ba sa wanke tufafi, tururi suke busa musu su miƙe. Don haka daga jaka sai injin wanki, kada su kwana a kan gado. Auduga da zanen gado da tawul a wanke a zafin digiri 60. Ulu ba ya jure wannan, zai motse ya koma na yaro. A ɗaure shi a leda a sa a firiza mako guda, sannan a wanke da hannu a ruwa mai sanyi a shimfiɗa ya bushe.

Idan kai ne mai bayarwa

Ranar tashi daga gida ko komawa ƙasa za ta zo. Ka kai kaya wankakku, a lokacin da shago ke buɗe. Ajiye jaka a bakin ƙofar shagon da ke rufe ana ɗaukar sa zubar da shara ba bisa ƙa'ida ba, ana iya cin mutum tara, kuma ruwa na lalata kayan kafin safiya. Manyan kaya ka kira su, ƙungiyoyi irin su British Heart Foundation na zuwa ɗauka kyauta, amma direban na da ikon ƙin abin da ya ga ba zai sayu ba.

Za su tambaye ka ko za ka sa hannu a Gift Aid. Tsari ne da ke ba ƙungiya damar karɓo ƙarin kashi 25 cikin 100 daga hukumar haraji ta HMRC a kan abin da kayanka suka kawo. Kayan fam 40 su zama fam 50. Sharaɗin shi ne ka biya harajin da ya kai abin da za su karɓo a wannan shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu. Ma'aikacin jinya mai cikakken albashi ba shi da damuwa. Ɗalibin da abin da yake samu a shekara bai kai fam 12,570 ba, galibi ba ya biyan harajin albashi, don haka kada ya sa hannu don jin nauyin mai tambaya. HMRC na iya neman sa ya biya gibin.

Masu son aikin sa-kai a shagon, abu ne mai kyau, ana samun wanda zai rubuta wa mutum shaida wajen neman aiki, kunne kuma ya saba da Turancin mutanen garin. Amma mai bizar karatu ya yi hattara. Idan digiri yake yi, sa'o'i 20 a mako ne iyakar aikinsa lokacin karatu, kuma aikin da ba a biya amma aka ɗaure mutum da sa'o'i da wajibai yana iya shiga lissafin. Ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa kafin ya karɓi jadawali.

Abin da ya rage a shago bai shiga ba, ana sayar da shi da awo ga 'yan kasuwar tsumma, su tace, su ɗaure dila-dila, su tura Gabashin Turai da Pakistan da Afirka. Kasuwar Kantamanto ta Accra na cikin manyan masauƙansa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga can a mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙarewa a bola. Wani kason ta Kwatano yake biyowa ya shigo kasuwanninmu. Wannan ya kawo mu ga tunanin da kusan kowa ke yi a watansa na farko: ya riƙa saye a nan yana aikawa gida a sayar. Ka yi lissafi tukuna. Kai ɗai-ɗai kake saye a farashin kanta, ɗan dila kuwa da kilo ya saya, sannan ga kuɗin kago. Ban da haka, tufafin gwanjo na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su. Tsarabar iyali a cikin akwatinka mai kilo 23 wani abu ne daban, kuma a nan ma ka cika shi da abin da ke wuyar samu a gida: takalman makaranta na fata, littattafan karatun yara, da suwaitar ulu ta tsofaffi saboda hunturu.